Wayar da Bilya Ya Koya wa Gaisuwa

Bilya taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Ni sunana Ashafa, rake nake saye a gonakin Kudan in kai kasuwar Makarfi, kuma abin da na sani game da kwamfuta bai wuce cewa in ba wuta ba ta aiki ba. Shi kuwa Bilya, in ka gan shi gaban allon nan ya ƙura ido yana murmushi shi kaɗai, sai ka rantse wani ne a ciki yake ba shi labari.

Yana goye mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa ma bai daɗe ba ya bi ta. Kawu Lawal, yayan mahaifin nasa, shi ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Furana, ya miƙa wa matarsa Inna Sabuwa. Allah bai ba Inna haihuwa ba, sai ta rungume yaron nan da hannu biyu. Mu da muke zuwa hutu mun sha haushi, don in ta kankare tukunyar tuwo, ƙanzon na Bilya ne, mu sai kallo. Shi yana kiran Kawu Baba, kuma ban taɓa jin wani ya tuna masa cewa ba su suka haife shi ba.

Hannunsa bai taɓa zama lafiya ba. Rediyon Kawu ya sha kwancewa, tocilan ɗin Inna ma haka. Da ya gama sakandare a Ikara ya tafi Zariya ya karanci kwamfuta, ya dawo Ikara ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, inda yake buga wa mutane takardu yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Wannan shi ne abincinsa, shi da matarsa Samira. Amma abin da ransa ke so daban ne. Da kasuwa ta lafa sai ya jawo kwamfutarsa ya hau rubuta 'yan manhajoji, waɗannan ƙananan abubuwan da ake sa wa waya ta yi wani aiki, ba don kowa ya saya ba.

Ya yi wa masu noman tumatir na rani wata da ke tuna wa kowa ranar da injin ban ruwa zai zo kansa, rigimar da ake yi a bakin rafi ta ragu. Ya yi wasan dara a waya, ya ce in gwada, na cinye wayar sau biyu a jere, ya yi kwana da kwanaki yana gyara har ta fara cinye ni, ranar kuwa har tsire ya saya mini don murna. Yana kiwon tattabaru a bayan gida, su ma bai bar su ba, sai da ya yi musu wata manhajar da ke nuna wace ta yi ƙwai, wace ke kwanci. Na ce masa saura ya koya wa tattabarun danna waya.

Akwai wani guruf na matasan Ikara da Makarfi masu son koyon abin, a nan yake zuba musu shawarwari da Hausa. Yakan ce ka ba kowane abu sunan da ko bayan shekara ka gani za ka gane shi. Yakan ce kada ka rubuta da yawa kafin ka gwada, rubuta kaɗan ka gani ko ya tashi, kuma kafin ka taɓa abin da ke aiki ka ajiye kwafinsa a gefe. Amma babbar ƙa'idarsa, wadda ya maimaita har na haddace, ita ce duk aikin da ka ga kana yinsa iri ɗaya kullum, to ba naka ba ne, ka koya wa na'ura ta ɗauke maka. Wannan ƙa'idar ce ta ja masa.

Kun san yadda gaisuwar manya take a wajenmu. Ba a yi mata gaggawa. Sai ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi gida da iyali da gona da dabbobi, ka kira mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Kawu Lawal kuwa ya fi kowa riƙe wannan, in ka gajarta masa gaisuwa zai amsa, amma ka san ka yi laifi. Bilya ya saya masa babbar waya, ya koya musu danna saƙon murya shi da Inna, aka yi al'ada duk safiyar Juma'a yana turo gaisuwa. To, aiki ya yi yawa a shago, wata Juma'ar ya manta, wata ya makara, Inna ta aiko a tambaya ko lafiya. Abin ya dame shi ƙwarai, don yana son tsofaffin nan har ransa. Maimakon ya ɗaura wa kansa ƙararrawa kamar kowa, sai ya zauna ya ce ai gaisuwa aiki ne mai maimaituwa.

Ya ɗauki muryarsa gunduwa-gunduwa. Ina kwana daban, ina gajiya daban, ya ruwa don damina, ya sanyi, ya zafi, ya ibada don watan azumi. Ya rubuta manhajar da ke duba kalanda ta harhaɗa waɗanda suka dace, ta tura da kanta. Har tazara ya bari tsakanin tambaya da tambaya, don ya san tsofaffi za su so su amsa. Ni kaɗai ya nuna wa, yana ta washe baki. Na ce masa, kai, wannan ai rashin kunya ce da digiri. Ya ce shi dai burinsa kada Juma'a ta wuce Inna ba ta ji muryarsa ba, kuma wallahi na yarda har zuciyarsa haka yake nufi.

Abin ya yi aiki, ya ma wuce yadda ya zata. Kawu yakan zauna a zaure ya ƙure ƙarar waya, Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, suna amsa kowace tambaya a cikin tazarar nan. Duk baƙon da ya zo sai Kawu ya gaya masa cewa yaronsa na Ikara bai taɓa tsallake Juma'a ba. In sun gama saurare sai su danna su mayar da tasu gaisuwar. Da farko Bilya yana buɗewa ya ji. Daga baya ya ga kullum lafiya lau ce da sa albarka, sai ya sa manhajar ta riƙa adana masa su, wai zai saurara in ya samu sarari. Sararin bai zo ba. Da yake ya san gaisuwa tana tafiya, zuwa Furana ma sai ya ja baya, daga salla sai salla.

A daminar bara Inna ta kwanta. Mutanenmu kuma kun san su, ko mutum na shure-shuren mutuwa in ka tambaya za a ce da sauƙi. Ba wanda ya buga wa Bilya ya ce taso, saboda a ganin Kawu ai ya sani, tunda duk Juma'a suna faɗa masa a saƙo. Abin da ya ɗaure wa tsohon kai shi ne yaron nan yana tambayar ruwa, yana tambayar shuka, bai taɓa cewa ya mai jiki ba. Ya haɗiye abin bai gaya wa kowa ba.

Ranar wata Talata ta cika. Ni na buga masa waya, ya taho a kan babur ko hula babu, ya samu jana'iza da ƙyar. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Muka zauna zaman makoki a zauren Kawu, kuma ba wanda ya tuna da wata manhaja, har shi mai ita.

Safiyar Juma'a zaure ya cika, liman na nan, dattawan Furana na nan, har da waɗanda suka zo daga Malikanchi. Bilya na zaune dab da Kawu, ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Sai wayar Kawu ta yi ƙara a aljihu. Tsoho ya ciro ta ya danna yadda ya saba, ƙararta kuwa a ƙure. Muryar Bilya ta cika zauren, fes, har da 'yar dariya a ciki. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa. Sannan ta ce, “Ya Inna? A gaishe ta da kyau, a ce ta ajiye mini ƙanzona, ina nan tafe.”

Bilya ya miƙa hannu zai kashe, amma saƙon ya riga ya ƙare. Kawu ya dubi wayar, ya dubi yaron da ke gefensa wanda bai buɗe baki ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, “Bilyaminu, da wa muke gaisawa duk Juma'ar nan?”

Bilya ya fara bayani, wai muryarsa ce, wai shi ya tsara, bakinsa na harɗewa. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ajiye masa wayar a cinya ya ce ya riƙe abinsa, ya juya ya ci gaba da karɓar gaisuwar mutane.

Ranar na ji kamar in mare shi, na kuma ji kamar in rungume shi. Da muka koma Ikara ya rufe shago. Samira ta ce mini ya shige ɗaki ya buɗe saƙonnin nan da ya tara, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. A na farko-farko Inna tana tsokanarsa, tana tambayar tattabaru, tana cewa Samira ta daina ba shi abinci da yawa. Can gaba muryar ta fara yin ƙasa, tana cewa jikin da sauƙi, kada ya damu. A na ƙarshe-ƙarshe ta ce in ya samu sarari ya leƙo, ba don komai ba, tana dai son ganinsa. Ya goge manhajar. A guruf ɗin matasa ya rubuta musu cewa ƙa'idar da ya daɗe yana koya musu tana da gyara, kafin ka ba na'ura aiki ka duba ko akwai mutum a ɗaya gefen yana jiranka.

Daga nan duk Juma'a sai ya hau babur ya tafi Furana, ko ana ruwa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya jero gaisuwa tun daga kwana har dabbobi. Kawu ya ce “lafiya”, kalma ɗaya, ya ci gaba da jan carbinsa. Wanda bai san mu ba zai ce ai ya amsa. Mu mun san an rufe masa ƙofa ne. Na je na ba Kawu haƙuri, mahaifiyata ma ta je, ya ce shi ba ya fushi da kowa. Bilya ya rame, tattabarun ma Samira ce ke ba su hatsi. Ya ce mini shi ba ya tsoron komai sai kada tsohon nan ya mutu a kan wannan lafiyar guda ɗaya.

Haka aka tafi har aka yanke dawa. Wata Juma'a na raka shi, don ina da raken da zan duba a hanya. Ya durƙusa ya yi gaisuwarsa, aka ce lafiya. Har ya yunƙura zai tashi, sai Kawu ya tambaya, ba tare da ya dube shi ba, ko maganar da suka riƙa turawa tana nan ko ta tafi da abin da ya goge. Bilya ya ce tana nan, ko ɗaya bai ɓata ba, ya ma ajiye kwafi a wuri biyu. Kawu ya ce a sa masa ɗaya, ta lokacin da take da lafiya.

Ya ciro waya ya danna. Sai ga Inna Sabuwa a zauren, da muryarta ta mai shirin tsokana. “Bilya, ina kwana? Ka tashi lafiya?” Ta yi shiru. Ashe ita ma tazara take bari, yadda ta ji yana bar musu. “Ya aiki?” Ta sake yin shiru. Kawu ya ɗaga hannu, Bilya ya tsayar.

“Mayar da ita farko,” in ji Kawu. “Tambayarka take yi. Ka amsa mata.”

Ya mayar. Ta ce ina kwana, ya ce lafiya lau, Inna. Ta ce ya aiki, ya ce da godiya. Ta tambayi Samira, ta tambayi tattabaru, yana amsawa hawaye na sauka a kan rigarsa. Da ta zo kan cewa ƙanzonsa na nan ta ajiye, yaushe zai zo, sai ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, “Ga ni na zo, Inna.”

Ni dai na juya ina kallon bango. Kawu ya daɗe yana share ido da bakin rawaninsa. Can ya gyara zama, ya fuskanci Bilya sosai, ya ce, “Ya hanya?” Bilya ya ce lafiya. Ya ce ya gajiya, ya iyali, ya shago, ya mutanen Ikara. Bai tsallake ko ɗaya ba, har tattabarun sai da ya tambaya. Raken da ban duba ba ke nan ranar, don sai da muka yi la'asar a Furana.