Mai Sunsunar Kwali

A ma'aikatar kwali ba mai kiransa da sunansa. Hanci suke ce masa, har foman. Ya fara aiki tun ana lulluɓe cikin kwalayen abinci da leda. Da aka daina leda aka koma shafa wani farin ruwa mai kauri, wanda ke hana mai da romo ratsa kwali, ya fi kowa murna. Ɗansa na fari a kwata ya rasu, ranar wani ruwan sama da leda ta toshe magudana, titi ya cika. Bai taɓa ta da maganar a wurin aiki ba.

A ƙarshen layi yake tsayawa. Shafin in ya bushe sosai ba ya wari. In bai gama bushewa ba, yana da wani tsami-tsami mai kama maƙogwaro, kuma abinci mai zafi na taɓa shi zai narke ya shiga ciki. Akwai na'urar gwaji, amma tana cin lokaci, motoci kuma na jira. Sai aka saba: Hanci ya zaro kwali ɗaya daga kowane tari, ya kai fuska, ya ja numfashi. In ya gyaɗa kai, a loda.

"Malam, ka yi wa hancin nan inshora," direbobi kan tsokane shi, "shi ke ciyar da mu duka."

A hankali abin ya zo. Da farko ya riƙa cewa girkin matarsa ya yi lami. Sai wata safiya tukunya ta kama a kan wuta yana zaune dab da ita. Matar ta fito daga wanka da gudu.

"Baban yara, gida zai ƙone kana zaune? Ba ka ji ƙauri ba?"

"Tunani nake."

Ta sauke tukunyar, ta daɗe tana kallonsa. "Ka faɗa musu a wurin aiki."

"In faɗa musu me? Mura ce."

"Mura ba ko atishawa?"

Hanci in babu hanci, mene ne saura? Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar injin busarwa yana ta wasa da zafi. Foman ya ƙwala masa kira: "Hanci, zo ka cece mu, motar kwalayen makarantu ta iso!"

Ya zaro kwali, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya yi zafi. Iska kawai. Ya sake. Na'urar gwaji tana can lungu a rufe da tsumma. Direba ya riga ya tayar da mota, masu lodi duk sun zuba masa ido.

Ya gyaɗa kai.

A cikin makon autarsa ta dawo daga makaranta da kwali a hannu, ta ajiye masa a cinya.

"Baba, ga aikinku. Yau duk ajinmu an ce abincin da ɗaci-ɗaci."

"Kin ci?"

"Na cinye mana, yunwa nake ji. Sunsuna ka ji, kai da ba ka kuskure."

Ya taɓa gindin kwalin, yatsansa ya manne. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Yarinyar ta jingina da bango, ta dafe cikinta.