Ƙullin Idirisa a Ƙarƙashin Kujerar Tarakta

Kamar kowace safiya, Idirisa yana goge ƙwan gwajinsa da bakin riga. Ɗan ƙwan fitila ne mai wayoyi biyu, sai ya ɗana shi a batir ya ga ya kama kafin ya kurɓi shayi. Shekara talatin yana gyaran wutar motoci a Sabon Gari, har idan ya ce abu kaza ne, mutanen Maraɗi ba sa neman bakin wani.

A bakin ƙofa kuwa ga 'yar taraktar ƙungiyar matan Jiratawa, wadda ke kawo zogale kasuwa da asuba. Fitilunta ne ke ɗaukewa a hanya, fuzibil, wato fis, ya ƙone. Sau uku ana kawo ta, sau uku tana haskawa a gabansa lafiya lau. Esta mai tuƙa ta, bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ta gaya masa tun farko cewa wutar ba ta mutuwa sai da kaya, kuma sai an karya hagu. Bai saurara ba. A gaban shugabar ƙungiya ya ce wankin da Esta ke yi mata ne ke jiƙa wayoyi. Da wannan maganar aka karɓe makulli daga hannunta, ta koma tsinkar ganye. Wanda ya gaje ta bai taɓa wanke taraktar ba, ga ta kuma an sake kawowa.

Ran nan Esta ta biyo ta a kan kabu-kabu, ba wanda ya aike ta. Ta gaishe shi har ƙasa, ta roƙi abu ɗaya: a ɗora buhunan siminti na maƙwabcinsa a tirela, a zagaya. Ya yarda don kunyar idonta. Aka ɗora, ya hau, ya karya hagu. Wutar ta ɗauke.

Ya kwanta a ƙasa yana bin wayar da yatsa, daga fitila har ƙarƙashin kujera. Can ya same ta, an ɗaure ta jikin ƙarfe da wayar ɗaurin buhu, ɗaurin ya ci fatar wayar har jan tagulla ya leƙo. In nauyi ya ja, sai ta sumbaci ƙarfe ta saki. Murɗi biyu ne, an lanƙwasa wutsiya ciki. Duk garin ba mai irin wannan ƙulli sai shi. Ya tuna ranar, shekara uku baya, robar ɗaurin waya ta ƙare masa, ana kiran sallar Juma'a.

Ya daɗe a kwance fiye da yadda aikin ke bukata.

"Baba Idi, ko ƙasar ta yi maka daɗi ne?" in ji Esta.

Ya yanko ƙullin, ya fito, ya shiga shago, ta bi shi. Ya ajiye guntun wayar a tebur, ya kasa ɗaga ido. Ta dube shi, ta gane. Ta ce a bar maganar a nan, za ta ce ɓera ne ya ci.

"Maman Amos, ba ɓera ya raba ki da makulli ba. Yau 'yan ƙungiya suna taro?" in ji shi.

Ta ce bayan azahar, a gindin mangwaro.

Ya jefa ƙullin a aljihu. Shayin ya huce, bai taɓa shi ba. Ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa, ya sunkuya ya fita.