Yarinyar da Ruwa Ya Kawo Ajina

Shekarun da ake aikin madatsar Bakolori ina koyar da 'yan aji uku a Talata Mafara, ina zaune gidan yayana. Direban katafila ne a wurin aikin, shi ke ciyar da mu duka.

Ana tsakiyar zango aka kawo mini wata yarinya daga wani ƙauye na ƙasar Maradun. Ruwan madatsar ne ya tashe su, suka sauka gidan kawunta. Ba ta da hayaniya, amma karatu ya ƙi ta. In ta haɗa baƙi biyu, kafin ta kai na uku na farkon ya gudu.

Malamar aji biyu, wata Kirista da ta girme ni, ta leƙo ta same ni ina ta maimaita wa yarinyar layi ɗaya.

"Malam, ajiye littafin nan tukuna," in ji ta. "Kunnenta da riƙonta za ka fara ginawa."

Ita ta nuna mini yadda ake yi. In an tashi tara sai mu jera gyaɗa da tsakuwa da alli a faifai, yarinyar ta duba, mu rufe, ta faɗo su bi da bi. Mu tafa hannu kan kowace gaɓa, gero, masara, tumaki. Ta zana baƙi da yatsa a rairayi tana furta shi. Kafin damina, yarinyar ta fara haɗa kalmomi.

Wata rana na ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Ta kawo mini nata: "Gonarmu da tsamiyarmu suna cikin ruwa."

"Malam, na yi daidai?"

"Daidai ne," na ce. Ko kuskure ɗaya babu. Na daɗe tsaye riƙe da alli, ina tuna hirar yayana ta itatuwan da katafilarsa ta tumɓuke.

Bayan kwana biyu mahaifinta ya zo da kaza a hammata. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gida.

"Malam, ɗiyata ta karanta min allon tasha. Allah shi saka da alheri."

Na ce ya koma da kazarsa, ya ƙi. Matar yayana ta dafa ta, aka zubo mini, na tsakuri tuwon na ce kaina ke ciwo.

Da kaka suka koma Bakura, inda uban ya sami aikin ƙwadago a gonar wani. Ranar tafiyar yarinyar ta zo har bakin aji, ta durƙusa ta yi mini sallama.