Kalilu da Shamuwar Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi a shekarun da kuɗin mai ya ɓalle a ƙasar nan ya san Kalilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai naɗe wando har gwiwa, bokiti a hannu, soso a aljihu, kullum idonsa na sama. Wasu na cewa tsoron Allah ne. To, yana da tsoron Allah daidai gwargwado, amma abin da yake dubawa a sama daban ne.

Haifaffen ƙauyen Riko ne, manomi ɗan manomi. Babban farin nan na farkon shekarun saba'in ya cinye masa gona da awaki, ya tattaro matarsa Hajo da 'ya'yansu suka gangaro bakin iyaka neman abin kaiwa baki. Ya iso daidai lokacin da mutane suka haukace da mota. Wanda jiya yake kora jaki, yau ga shi cikin Fijo yana danna oda ko babu kowa a gabansa. Kalilu ya duba ya ga duk mai sabuwar mota ya fi tausayin fentinta a kan fatar jikinsa, sai ya ari bokitin Hajo ya zama mai wankin mota.

Sana'ar tana da aibi guda. Da damina ta faɗi, sama ke wanke wa kowa mota kyauta, masu wanki su watse su koma gona. Kalilu ba shi da gonar komawa, amma yana da tsamiya.

Wata ƙatuwar tsamiya ce kusa da shingen kwastan, ita kaɗai ce inuwar kirki a wurin. A kanta shamuwa ke sauka duk shekara gab da ruwan farko, su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. Ba mai taɓa su. Manoman ƙauyukan Gangara da Riko ba sa ciro irin shuka sai sun ji an ce shamuwa ta sauka a iyaka. Direbobi kuwa, da suka san jiran kwastan ba shi da ranar ƙarewa, rububin wannan inuwa suke yi. Ita kuma shamuwa ba ta san Marsandi ba. In ta ƙoshi da fara sai ta saki abin da Allah ya hore mata, fari fat, wanda in ya bushe a gilashi ko ruwan tsakiyar damina ba ya fitar da shi sai da soso.

Kalilu ya san kowace sheƙa da halin masu ita. Mota na shigowa zai tare ta da fara'a yana kaɗa hannu.

"Matso gaba kaɗan, direba. Ƙara. Yawwa, tsaya nan, nan inuwa ta hi sanyi."

Kafin direba ya dawo daga wurin jami'ai, aikin Kalilu ya sauko daga sama. Da haka ya ciyar da gidansa, har ya saya wa Hajo sabon bokiti ya riƙe tsohon. Ita ce ma ke tsokanarsa wai yana gaida tsuntsaye da ladabin da bai taɓa yi wa surukansa ba.

Ana nan sai ga Alhaji Arzika, ɗan kwangilar da kuɗi suka zo masa da gudu, ya iso da baƙar Marsandi sabuwa dal, ko ledar kujeru bai cire ba. Kalilu ya ga baƙin fenti yana sheƙi, zuciyarsa ta yi fari, ya kai motar ƙarƙashin sheƙar da ta fi kowace albarka. Kuskurensa ɗaya, bai lissafa cewa Alhaji zai tsaya a jikin motar don jama'a su gan shi ba. Shamuwa ta yi wa mota, ta yi wa hula, ta ƙarasa a kafaɗar babbar riga. Wani direban babbar motar kaya ɗan Maraɗi ya yi dariya har da zama a ƙasa.

Alhaji ya rantse sai an sare tsamiyar. Kuma ba barazana ba ce, don shi aka ba kwangilar faɗaɗa wurin tsayawar motoci. Ranar Kalilu ya kasa cin tuwo. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya ji a Riko lokacin da gero ya bushe a tsaye, domin in itacen nan ya faɗi abincin gidansa ne ya faɗi.

A lokacin akwai wani ma'aikacin gandun daji, Malam Uwaisu, mutum mai haƙuri da tsohuwar Landiroba. Ya daɗe yana yawo ƙauyuka yana bayanin cewa tsuntsun da ke cin fara ma'aikacin manomi ne wanda ba ya karɓar lada, kuma in aka kore shi gero ne zai biya. Mutane kan saurare shi don ladabi, su tambaye shi ko gwamnati ta aiko da taki. Da Kalilu ya same shi yana haki ya ce za a sare gidan shamuwa, Malam Uwaisu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Tun da ya fara aiki bai taɓa ganin talakan da ya damu da tsuntsu haka ba.

Kalilu ya bi Gangara da Riko a ƙafa, gida gida. Bai san kalmomin Malam Uwaisu ba, nasa ya yi amfani da su.

"In anka sare icen ga, wa za shi hwaɗa maku lokacin shuka? Alhaji? Hwarar da ka cinye maku hatsi, Marsandi za ta tsince ta?"

Ranar da masu gatari suka zo, sun tarar da manoma zaune sun kewaye tsamiya, kowa da fartanyarsa a cinya, har da dattawan da aka ɗauko a kan jaki. Kalilu ya miƙe zai yi magana, ya ɗaga kai ya ga sheƙar nan mai albarka, sai hawaye suka zubo masa shar. Wani tsoho ya ce bai taɓa ganin imani irin wannan ba. Masu gatari suka saɓa kayansu suka sulale.

Alhaji Arzika ba a banza ya yi kuɗi ba. Da ya ga inda jama'a suka karkata, nan take ya zama babban masoyin shamuwa. Shi ya ba Malam Uwaisu shawarar a kewaye itacen da waya, kewaye mai faɗi, don kada ƙarar mota ta dami bayin Allah. Alhajin ne kuma ya samu kwangilar. Kafin wata ya ƙare an ja waya mai ƙaya, an kafa allo, an yi taro, an kira Kalilu gaban jama'a an tafa masa. Motoci suka koma can cikin rana suna tsayawa, tsaf da su kamar an lashe. Kalilu ya tsaya a bayan waya da bokitinsa yana kallon arzikinsa na zuba a ƙasa.

"To, maigida," in ji Hajo, "tahin da anka yi maka, a miya zan sa shi ko a tuwo?"

Ya bar bakin iyaka ya koma dako a kasuwar hatsi. Tsamiya ta zauna ita kaɗai da wayarta. Ba a daɗe ba wayar ta fara tafiya kaɗan-kaɗan zuwa garkunan mutane. Masu neman itacen girki suka gano ba mai kallo, suka fara sassare rassa. Wasu sheƙu suka zubo, shamuwa ta fara ƙaura, manoma suka fara zuwa ofishin Malam Uwaisu da ƙorafi.

Malam Uwaisu ya tashi neman Kalilu. A kasuwa ya same shi, buhun gero a ka, wuya ya shige cikin kafaɗa. Nan Kalilu ya gaya masa yadda sana'ar take tun daga farko, bai rage komai ba. Malam Uwaisu ya so ya yi fushi, dariya ta ƙwace masa, daga baya kunya ta rufe shi. Ya yi tunanin tsuntsu, ya yi tunanin manomi, amma bai taɓa tambayar mutumin da ke tsaye a gindin itacen me yake ci ba.

"Gobe zan sa a kwashe sauran wayar," in ji shi. "Ka koma wurinka, motoci su koma inuwa. Amma Malam Kalilu, tsakaninka da Allah, kukan nan da ka yi ran nan, na shamuwa ne ko na bokiti?"

Kalilu ya gyara zaman buhun a kansa, gumi na bin gemunsa. Ba wayo yake nema ba, da gaske yake laluben amsar.

"Wallahi Malam, ni ma na tambayi kaina, ban iya rabewa ba. Sanda nike da gona, ba wanda ya taɓa tambaya ta ko ita nika so ko tuwon."

Malam Uwaisu ya sa hannu biyu ya taya shi sauke buhun.