Fim ɗin Japanawa a Bikin Zaituna

Duk macen da ta je biki a unguwannin Hausawan Jidda, a shekarun da ake haska majigi a tsakar gida, ta san muryar Mastura. Gajeriya ce mai wushirya, ba ta taɓa shiga aji ba. Sana'arta ita ce ta zauna gindin farin zanen da ake haska fim a kai, ta riƙa faɗa wa mata abin da mutanen ciki ke cewa. Na Masar tana ji, don a nan aka haife ta. Na Indiya ko kalma ɗaya ba ta ji, amma wannan bai taɓa hana ta ba. Ta dubi fuskar mutum, ta sa masa maganar da ta dace da shi, har sunayen 'yan unguwa take raɗa musu. Mata su sha kuka, su sha dariya, a sallame ta da ƙullin shinkafa da nama.

Iyayenta da ƙafa suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Uban ya rasu yana dako a bakin teku, ya bar matarsa Inna Dela da Mastura da ƙanenta Abdulghaffar. Da wankau da tallar gyaɗa a Bab Makka tsohuwar ta raine su, har ta kafa ɗakuna biyu na katako da langa-langa. Mastura ce ta goyi yaron, ita ce ta ɗauki farantin gyaɗa don shi ya je makaranta.

Da motocin Japan suka cika gari, Abdulghaffar ya sami aiki a kamfanin da ke shigo da su, ya zama babba a wajen kayan gyara. Jallabiya ta sha guga, Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Ya lallaɓi uwar aka sayar da ɗakunanta, ya gina bene a Waziriyya, da alkawarin ɗakin ƙasa nata ne. Ranar tarewa sai ya kai ta ribaɗi, gidan sadakar da ake ajiye tsofaffin da ba su da kowa, wai kafin fenti ya bushe. Fenti ya bushe, har ya koɗe, ɗakin ya zama na baƙi. Mutane kuwa ce musu yake ta koma Madina, ta zaɓi ta ƙarasa kwananta kusa da Manzon Allah. Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona ran Mastura, don ƙarya ce da ke sa a ce masa masha Allah.

Ita ba ta da inda za ta kai uwar, a raɓe take gidan dangin mijinta marigayi. Kowace Juma'a dai takan je ribaɗin da mataji da man kitso, ta tsefe kan tsohuwar ta kitse. Tana kitso tana zagin ƙanenta, Inna Dela na cewa, "Ki bar shi, ɗana ne." Mastura ba ta bar shi ba. Ta ci alwashin sai uwarta ta kwana a ɗakin nan, kuma sai shi ya sha kunya a gaban mutanen da yake jin kunyarsu.

Damar ta zo da bikin 'yarsa Zaituna, wadda za ta auri ɗan wasu attajiran Hausawan Sudan. Don ya burge surukai, Abdulghaffar ya aro fim wurin wani injiniya Bajapane, abin da ba wanda ya taɓa haskawa a unguwar. Sai da gwangwanayen fim ɗin suka iso ya gane babu rubutun Larabci a ƙasa. Dole ta kawo shi ƙofar yayarsa.

"Ya ukhti, ki yi abin da kika saba, halas, shi ke nan," in ji shi. "Bas, amma ban da maganar gida."

"Gidan wa?" in ji Mastura. "Na Japanawa zan faɗa."

Al'adarta ce ta kalli fim kafin ranar, don haka da rana Idris mai majigi ya rufe shagonsa ya haska mata. Mugu take nema ta liƙa masa sunan ƙanenta, sai ta tarar babu mugu. Babu faɗa, babu waƙa. Wani mai gyaran keke ne da uwarsa tsohuwa mai raunin ido, a gidan katako. A ƙasa suke zama, a ƙofa suke cire takalmi, durƙusawa suke su gaida babba, kamar mutanenmu. Shi yake zuba mata shinkafa kafin ya ci, ya ɗumama mata ruwa, ya juya mata takalmi ya fuskanci waje don kada ta yi lalube. Aka yi masa tayin aiki a birni, ya ƙi. Da farko haushi ya kama Mastura. Can sai ta fashe da dariya, har Idris ya tsayar da injin ya tambaye ta ko lafiya.

Ranar biki bayan magariba aka ɗaura zanen ya raba tsakar gida biyu, maza suna kallo ta gaba, mata ta baya. Mastura ta riga ta biya ribaɗi ta ce wa uwar, "Ɗanki ya ce ki zo." Tsohuwar ta yi ta rawar jiki, ta ciro zanenta na ajiya. Ta ƙofar mata aka shigo da ita, aka zaunar da ita can baya cikin duhu.

Haske ya faɗa kan zane, Mastura ta buɗe murya yadda maza ma za su ji.

"Wannan mai keken sunansa Abdulghaffar. Kun san Japanawa ba su ara wa mutum fim sai halinsa ya zo ɗaya da na ciki."

Aka yi dariya, aka yi guɗa. Ta ci gaba, ba ta ƙara komai a kan abin da ido ke gani ba. "Yana cewa, ci ya ummi, ba na sa loma sai kin ƙoshi. Yana cewa, ɗakin nan mai iska naki ne, ai da guminki aka gina shi." Ta bayan zane tana jin maza suna masha Allah, suna dafa kafaɗar mai gida. Kowane yabo ya sauka, daɗi ya ratsa ta har ƙafa.

Gwangwanin farko ya ƙare, Idris ya kunna fitila don ya ɗora na biyu. Hajiya Luba, kakar ango, tana share hawaye ta ce, "Allah ya yi masa albarka. Ina ma tsohuwar na nan, ba a Madina ba."

"Madina?" in ji Mastura. "Ga ta can bakin ƙofa. Daga ribaɗin Bab Makka na ɗauko ta."

Mata suka juya gaba ɗaya suna kallon bakin ƙofa. Hajiya Luba ta miƙe da kyar, ta ratsa mata, ta durƙusa gaban Inna Dela ta gaishe ta. Sannan ta juya ta fuskanci zanen.

"Ya Abdulghaffar, wane ɗaki ne nata? Yalla, mu raka ta ta huta."

Muryarsa ta fito ta bayan zane, ƙarama kamar ta yaro. "Na ƙasa, ya khala."

Ba wanda ya nemi gwangwani na biyu. A ɗakin Inna Dela ta kwana, kuma ba ta sake barinsa ba, don surukai sun sa ido.

Juma'a Mastura ta zo da matajinta, tana tafe kamar ƙasa tata ce. Ta tarar da uwar zaune ƙarƙashin fanka, ta ɗaure kai tam.

"Kin ce shi ya aiko," in ji Inna Dela.

"Inna, ɗakinki ne."

"Ɗakina ne. Shi kuma ɗana ne. Kin tuɓe shi gaban surukai, kuma ni kika mayar sandar dukansa. Mayar da matajinki."

Mastura ta ci gaba da zuwa kowace Juma'a, a gaisa, a sha shayi, ɗankwalin bai taɓa sauka ba. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Duk wadda ta tambaye ta, cewa take ko gobe aka sake ɗaura zanen za ta maimaita, kuma har ta tsufa in ta haɗu da ƙanenta a taro sai ta tambaye shi labarin Madina.

Inna Dela ta shekara shida a ɗakin kafin ta cika. Da mata suka shiga yi mata wanka, Mastura ta ciro matajin daga jaka, ta kwance ɗankwalin da hannunta. Ta taje furfurar a hankali, ta raba ta uku, ta kitse.