Malam Lawal da Mutanen Gefen Hoto

Shekara talatin da shida, safiyarsa ba ta canza ba. Idan ya dawo daga masallaci ya sha koko, Malam Muhammadu Lawal mai hoto yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, ya kwance gilashin gaban kyamararsa, ya hura masa iska, ya goge. Gilashin nan ya girmi duk 'ya'yansa. Sai ya rataya jaka ya kama hanya: yau Babura, gobe Roni, jibi ƙauyukan Gwiwa. Suna, walimar sauka, taron zumunci. Ka shiga gidan da ka ga dama a ƙasar Kazaure, in ka ga hoton dangi a bango, da wuya ba aikinsa ba ne.

Makon jiya ya rufe shago. Ba a yi taro ba, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa na rubuta wannan.

Yana da awonsa. Ya jera mutane, ya juya musu baya, ya yi taku tara, ya juyo ya ɗauka. A taku tara, gilashin yakan kwashe jeri duka, daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙafarsa ta haddace wannan. Don haka lokacin da hawan jinin ido ya kama shi, ya soma cinye masa gani ta gefe-gefe, ba wanda ya lura. Tsakiyar abu kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, amma hotunansa suna fitowa cikakku. Bai faɗa wa kowa ba.

Sai fim ya yi wuyar samu, masu wanke shi suka daina. Dole ya tafi Kano wurin wani Yakubu mai sayar da kyamarori. Yakubu ya baje masa kaya. Malam Lawal bai kalle su ba, ya ɗora tsohon gilashinsa a kan kanta.

"Wacce za ta karɓi wannan?"

"Baba, wannan ai ya isa hutu."

"Kai ma za ka isa. Wacce?"

Yakubu ya ɗauko irin marar madubi a ciki, ya ɗaura mata gilashin da wani zoben ƙarfe. Ya zauna daram. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don yana zaton mai ido zai gani da kansa: wurin da ke karɓar hoto a cikin sabuwar bai kai faɗin fim ba. Tsakiya take ɗauka, ta zubar da gefe.

Wata huɗu Malam Lawal yana taku tara yana yanke mutane. Su wa ke tsayawa a gefen hoto? Suruka mai kunya. Tsohuwa. Maƙwabcin da aka ce ya shigo. Yakan kai hoto gida, a karɓa da hannu biyu, a duba, a ce, "Allah ya saka, Baba," a jefa shi ƙasan akwati. Wa zai dubi dattijo ya ce masa aikinsa ya ɓaci? Mun yi shiru. Mun ce ladabi ne.

Zaituna mai abinci a tashar Roni ce ta fasa.

"Baba Lawal, ina ka kai mini miji?"

"Ai yana ciki, 'yar nan."

"Kunnensa ne a ciki. Kunnen da ba ya jin magana, shi ka zaɓa ka bar mini!"

Tasha ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓi hoton, ya riƙa jan sa a hankali a gaban idonsa har ya iso gefe. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai shi ne, "Adda."

Adda tsohuwa ce a wata ruga bayan Roni. Tun da take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko da waya. Ɗanta Muhammad Sani ya roƙe ta shekara da shekaru, don jikoki su san fuskarta. Ranar sunan jikarta ta yarda, sau ɗaya, saboda mai hoton sa'an marigayi mijinta ne. Ta tsaya a ƙarshen jeri. Munduwarta ce kaɗai ta fito.

Malam Lawal ya koma wurin Yakubu.

"Ka ƙara ja baya mana, Baba."

"Zuwa ina? Tsakar gidan mutane filin ƙwallo ce? Kuma in na bar taku tara, da me zan auna? Ba na gani, Yakubu."

Ranar ce ya fara faɗar ciwon idon da bakinsa. Yakubu ya ce akwai wata adafta mai gilashi a cikinta, tana tattaro hoton kamar mazurari, ta zuba shi duka a ƙaramin wurin. Kusan duka. Mako biyar aka yi kafin ta iso. Malam Lawal ya jera kujeru a ƙofar shago ya gwada, ya ƙara rabin taku, gefe ya dawo.

Kai ne ka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, Malam, cikin damina, a bayan acaba, saboda ka riga ka daina tuƙi. Kai ne kake sallama ka ce, "Na yanke muku mutum, ku fito mu sake." Ba wanda ya neme ka. Da ka yi shiru, da mun taya ka shirun har ƙarshe. A Kanya Babba sun ce ka yi yini guda kana jiran wani tsoho ya dawo daga gona. A wani gida a Gwiwa ka tarar wanda ka yanke ya riga ya rasu, ka zauna ka yi musu ta'aziyya, ka faɗi laifinka a gaban 'ya'yansa.

Amma Adda ta ƙi.

"Na tsaya sau ɗaya, Lawal. Abin naka ne bai so ni ba."

Ya koma bayan mako biyu, ta shige ɗaki. Ya sake komawa lokacin kaka. A lokacin, ganin tsakiyar ma ya fara dushewa, shi ya sani. Ya zauna a ƙofar bukkarta a ƙasa, ba tabarma.

"Adda, ba zan sake zuwa ba. Ba fushi ba ne. Idon ne zai tafi."

Can ta ce a miƙo mata mayafi.

Aka jeru. Ta nufi gefe, ya bar ta. Ya yi takunsa, ya juyo, ya murza gilashin da hannu kamar kullum har ya ga kamar ya daidaita, ya ɗauka.

Kowa ya fito. Daga wannan gefe zuwa wancan, ba wanda ya ɓata. Amma hoton ya yi dishi-dishi. Fuskoki sun narke kamar an duba su a cikin ruwan rijiya. Wannan karon an faɗa masa, don shi ya ce a rantse a faɗa masa.

Muhammad Sani ya riƙe hoton, ya nuna gefensa.

"Baba, ni na san ita ce. Ga tsayuwarta nan."

Adda tana raye. Ta ce sau biyu ya ishi mutum. Malam Lawal bai roƙi na uku ba. Ya dawo Kazaure, ya naɗe gilashin da adaftar a ƙyalle, ya sa kwaɗo a shago.

Mun gode, Malam, mai komawa kan aikinsa. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Mu kuma da ke yawo da kyamara a aljihu, in mun ɓata aiki, mu koma da ƙafarmu kamar yadda ya koma. In babba ne ya ɓata, mu faɗa masa tun a hoton farko. Da mun yi haka, da ya isa wurin Adda da sauran ganinsa.

Yana zama a zauren gidansa bayan La'asar. Ku je ku gaishe shi. In kun je, ku faɗi sunanku tun daga ƙofa.