Fom ɗin Ruwan Sama da Na Jefa a Durowa

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa yau na sayi lema. A Dubai.

Wata huɗu da suka wuce, Isufu, mutumin Maraɗi ta Nijar mai kula da harabar masana'antar fentin da nake aiki, ya kawo min fom, don ni ne mai bin takardu. Wai sai da izinin hukuma ruwan saman harabarmu zai shiga magudanar titi.

Na ce, "Haba ɗan Faransa! A garin da ko hadari sai ya nemi biza?"

Ya ce, "Alhaji, cike kawai, don Allah. Gangunan fenti a waje suke."

Na ce inshallah, na jefa fom ɗin a durowa.

Makon jiya aka tafka ruwa. Ya kwashi fenti, titi ya koma shuɗi. Masu bincike suka zo, babu takarda. Manaja ya sallami Isufu, bizarsa ta bi aikin. Na je wurin manaja na ce laifina ne, aka ce khalas, wato shi ke nan, an rufe maganar.

Jibi Isufu zai koma gida. Shi ke da gaskiya, ni na yi kuskure. Jama'a, da wane baki zan roƙe shi gafara?